Ƙashin Akuya a Gwangwanin Likita

Ranar Talata ce, da ƙarfe takwas da rabi na safe, a tsakiyar daminar shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Muna tsaye layi-layi a filin makarantarmu ta firamare a Tamale, mun gama gaida sabuwar tuta mai baƙin tauraro. A gabanmu akwai hedimasta da malaman azuzuwa, da baƙi biyu cikin fararen riguna waɗanda suka zo da mota mai rufin tamfol. Ni ina aji biyar, shekarata goma sha ɗaya. Ƙanwata tana layin 'yan aji ɗaya, ita ce ta biyu daga gaba saboda ƙanƙanta.

Hedimasta ya yi bayani da Turanci cewa baƙin ma'aikatan lafiya ne, an aiko su su duba yara saboda tsutsar ciki, kuma ranar Alhamis da azahar za su wuce Yendi. Wani malami ya maimaita da Dagbanci. Sa'an nan malamin aji ɗaya, mutumin bakin teku wanda ya koyi Hausarsa a kasuwa, ya maimaita domin mu 'yan zango masu jin Hausa.

Babban ma'aikacin, wanda muka riƙa kira Likita ko da yake daga baya na gane ba likita ba ne, ya bi layi yana duba yara. Yakan ja fatar idon yaro ƙasa da babban yatsa, ya dubi tafin hannu, ya ɗan danna ciki. Wanda ya yi wa zato sai ya miƙa masa ɗan gwangwani mai murfi, kamar na man shafawa, da lamba manne a jiki. Ni ya wuce ni. Da ya zo kan ƙanwata bai ma taɓa cikinta ba. Idonta kawai ya duba, ya miƙa mata gwangwani.

Malamin aji ɗaya ya ɗaga wani gwangwani sama ya ce, "Gobe da safe, kowa ya sa kashi nasa ciki. Kaɗan kawai. Ya rufe, ya kawo. Wanda bai kawo ba, babu magani."

Filin ya kaure da dariya har sai da hedimasta ya buga bulala a tebur. Babu wanda bai gane abin da ake nufi ba, ni ma na gane.

Ita ƙanwata ba a yi niyyar sa ta makaranta ba. Bi na take yi kowace safiya tana kuka har bakin aji, in kora ta ta dawo, har malamin aji ɗaya ya gaji ya ba ta allo. Baba mahauci ne a babbar kasuwa, abokan sana'arsa kuma ba su bar shi ya huta da tsiya ba a kan 'yarsa mai zuwa boko. Ya ce a bar ta har ta gaji da kanta. Ba ta gaji ba. Kafin wata uku tana rubuta haruffa a jikin bangon gidanmu da gawayi, tana koya wa kaji karatu.

Amma tun farkon damina ta canja. Cikinta ya kumbura, hannuwanta suka sirance, gashinta ya yi ja-ja. Tana barci a aji da bakinta buɗe. Sau biyu na kama ta tana ƙwaƙular ƙasar bango tana ci. Baba ya dubi wannan duka ya ɗora wa makaranta laifi. Ya ce tun da ta fara zuwa wurin nan take bushewa, kuma idan aka yi hutu ba ta warware ba, to ta gama boko. Saura mako uku a yi hutun. Mma, mahaifiyarmu, ba ta nan a lokacin, ta tafi garinsu wanka da jariri, saboda haka gidan yana hannun Kaka, mahaifiyar Baba.

A Salaga aka haifi Kaka. Mahaifinta Bakano ne, fatauci ya kawo shi neman goro ya zauna. Daga wurinsa ta gaji Hausarta, kuma tana tsaron ta kamar yadda take tsaron kwallayenta. A Moshi Zongo inda gidanmu yake kowa na jin Hausa, Mosawa da Zabarmawa da Dagombawa da Fulanin da ke kawo nono daga bayan gari, amma da wuya ka sami mai bambanta ka da ƙa. Ƙofa kofa ce, ƙafa kafa ce, kowa kuma yana gane kowa. Mu ma haka muke magana a waje. Da mun shigo gida sai gyara. "Ƙo, daga maƙogwaro," in ji ta, "ba daga leɓe ba." Akwai kalmomin da ba ta yarda a faɗa a gabanta sam. Masai ma ba ta yarda a kira shi salga, ta ce ba za a zagi garin haihuwarta a cikin gidan ɗanta ba. Ni tana kirana Maigida, wasan kaka da jika. Ƙanwata kuwa sunan mahaifiyar Kaka aka sa mata, don haka Uwata take ce mata.

Ranar nan da la'asar Baba ya dawo daga kasuwa, yana zaune a tabarma da kwanon tuwo a gabansa. Kaka tana gefe tana tsince gyaɗa, don ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa. Ƙanwata ta zo ta ajiye gwangwanin a cinyarta da alfahari, domin ba kowa aka ba ba.

"Kaka, ticha ya ce a sa kashi a ciki."

Kaka ta ajiye faifai. "A sa me?"

"Kashi."

"Ƙashi, Uwata. Ƙa. Sau nawa zan gaya miki? Abin da kika faɗa ɗin nan ba a faɗarsa ubanki na cin abinci."

"Haka ticha ya ce."

"Ai shi ya lalata miki baki. Mutumin da ya gamu da ni a hanya ya ce mini sannu da kokari." Ta juyo gare ni. "Maigida, kai da ka fi ta wayo. Ƙashi suka ce, ko?"

Na dubi Baba, lomarsa tana tsakanin kwano da baki. Na dubi Kaka, wadda ban taɓa ganin wani ya gyara mata Hausa ba tun da aka haife ni. Na ce, "I, Kaka."

Na san ƙarya na yi. Na yi niyyar in ja ƙanwata gefe daga baya mu gyara abin tsakaninmu, amma Kaka ta riga ta ƙulle gwangwanin a bakin zanenta.

Baba ya ce, "To, Inna, me za su yi da ƙashi?"

"Su ga irin naman da yarinya ke ci mana. Ba ciwon ciki suke nema ba?"

Nan Baba ya ture kwano. Namansa za a bincika. Ya ce duba-gari yana buga wa namansa hatimi kowace safiya, bai taɓa sayar da mushe ba, ubansa ma bai taɓa ba. Ya tashi ya shiga madafa, abin da ba ya yi, ya tsamo ƙashin ƙafar akuya daga tukunyar miya. Ya kankare shi da wuƙa, ya wanke shi sau uku, ya gwada a gwangwani bai shiga ba, ya sare gefe ɗaya a hankali har ya zauna daidai. Ya ɗaga shi wajen haske ya juya. "Su duba," in ji shi. "Akuyar nan ni na zaɓe ta da hannuna."

Ranar Laraba da safe muka kama hanya, gwangwanin yana ƙara a hannun ƙanwata duk takun da ta yi. A bakin wata kwata na ce ta ba ni in gani. Ta ce Kaka ta ce kada a buɗe, ƙuda zai hau. Na ce mata malam ba ƙashi yake nufi ba. Ta ce ta sani, amma ai ni na ce wa Kaka ƙashi ne, kuma ni ne babba. Muka ci gaba da tafiya.

An kafa tebur ƙarƙashin mangwaron makaranta. Yara suna miƙa gwangwanayensu suna kau da kai, mataimakin Likita yana jera su a faranti. Da ya karɓi na ƙanwata sai ya tsaya, ya kai shi kusa da kunne, ya girgiza. Ya miƙa wa Likita. Likita ya buɗe, ya sa ɗan hantsaki ya ɗago abin da ke ciki, fari tas, ya riƙe shi a sama kowa na gani.

"Wannan na wane ne?"

Ƙanwata ta ce, da murya sarai, "Na akuya ne. Baba ya wanke."

Malamin aji ɗaya ya yi dariya har ya dafa mangwaro. Yara suka ɗauka, wasu na kukan akuya. Ƙanwata ta tsaya tana kallon su ɗaya-ɗaya, ba ta yi kuka ba sai da ta juyo ta ga ni ma na sunkuyar da kai.

Likita bai daɗe yana dariya ba. Badagombe ne, dattijo, Hausarsa irin ta gari. Ya tambaya ko tana da wa, aka nuna ni. Na yi masa bayani tun daga farko, har da maganar maƙogwaro. Ya gwada faɗin kalmar yadda Kaka ke so, sau biyu, ta ƙi fita, ya haƙura.

"Kaka naka ya fi mu Hausa," in ji shi. "Amma ka ji ni da kyau. Yarinya nan ba shi da jini. Tsutsa iri-iri ne, magani ma iri-iri. In ban gani da ido na ba, ba na ba yaro karami haka magani. Gobe kafin azahar. Bayan azahar mun tafi."

Ya mai da mini gwangwanin, ya naɗe ƙashin a takarda ya ba ni daban. "Ka ce ma baba naka nama nasa lafiya lau."

Da muka koma gida na jira har Kaka ta gama sallar azahar, babu abinci a kusa, babu kowa. Na durƙusa na ajiye ƙashin a gabanta.

"Kaka, ba ƙashi suka ce ba."

"To me suka ce?"

"Bayan gida."

Kalmar tana nan tun jiya, mai tsabta, wadda ita kanta take amfani da ita. Tsoro ne ya hana ni tuna ta.

Kaka ta dubi ƙashin. Tambayar da ta fara yi ita ce, "A gaban mutane suka buɗe?" Na ce i. "Suka yi wa Uwata dariya?" Na ce i. Ta miƙo hannu ta ranƙwashe ni sau ɗaya, mai kyau, a tsakiyar kai. "Wannan na ƙaryar jiya ne. Miji ya ga matarsa za ta faɗa rami ya yi shiru."

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Kaka ta ce ba za ta bayar ba. Gashin jariri da aka aske binne shi ake yi, farce ma haka, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. Sai ta ɗauki abin da ya fito daga cikin Uwata ta miƙa wa mutumin da ba ta san ubansa ba, ya sa a mota ya tafi Yendi da shi? Ta ce sabuwar gwamnatin nan, in abin da ta fara nema wurin talakawa ke nan, to Allah ya kyauta.

Baba ya dawo, labarin ya riga ya same shi, domin yaran mahauta sun kai shi kasuwa tun kafin azahar. An yini ana tambayarsa ko yana da ƙashin likita na sayarwa. Bai zauna ba ma. Ya ce ba sai an jira hutu ba, daga yau yarinyar ta zauna gida.

Na ce, "Baba, ya ce ba ta da jini."

"Yi mini shiru. Kai ka jawo."

Ƙanwata tana bakin ƙofa ta ji komai. Ta zagaya bayan madafa.

Gab da magariba Kaka ta je ɗebo itace ta same ta can, tana tsugune, bakinta duk jar ƙasa. Ina kallo daga nesa. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta share mata baki da gefen zane, ta juya fuskarta wajen sauran hasken rana, ta ja fatar idonta ƙasa kamar yadda na kwatanta mata Likita ya yi. Ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta kira ni, ta tsayar da ni kusa da ƙanwata, ta ja nawa idon. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Naka ja ne," in ji ta. "Nata kamar ƙwaryar nono."

Ta ɗebi itacenta ta koma madafa.

Ranar Alhamis bayan asuba na ji Kaka tana tashin ƙanwata, ta zagaya da ita. Da gari ya waye sosai ta fito cikin mayafin da take zuwa suna da shi, hannunta ɗaya a ɓoye a ciki. Baba yana wasa wuƙaƙensa a tsakar gida.

"Inna, ina za ki da sassafe?"

"Makarantarsu."

"Na ce yarinyar nan ta zauna gida."

"Na ji ka, kuma ba karatu za ta ba. Ni ce zan fita, Uwata rakiya za ta yi mini. Ko tsohuwa ba ta da ikon 'yar rakiya a gidanka?"

Baba ya ci gaba da wasa wuƙa. Na ɗauki littattafaina na bi bayansu.

Kaka ba ta taɓa shiga makarantar boko ba sai ranar. Ta wuce tuta ba ta dube ta ba, ta wuce hedimasta, ta tsaya gaban tebur. Likita ya miƙe ya gaishe ta da Dagbanci, ya rusuna kamar yadda suke yi wa manya. Ta amsa masa da Dagbancin da ban san tana da shi haka ba, sa'an nan ta koma Hausa, domin sharuɗɗa ta zo da su. Abin ba zai bar gabanta ba. Zai ɗebi abin da zai ɗiba tana kallo. Sauran kuma ita za ta koma da shi.

Likita ya ce ya yarda. Ya jawo na'urarsa, wani madubi mai dogon wuya da ake leƙawa da ido ɗaya, yana ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ya ɗauki ɗan gilashi zai ɗiga ruwa.

"Dakata, ɗana," in ji Kaka. "Bari in leƙa tun babu komai. Na san mudun da ake aunawa da hannu a ciki."

Ya matsa mata. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta leƙa, ta ce haske kawai take gani. Ya sa gilashin da ruwa zalla, ta sake leƙawa, ta ce har yanzu babu komai. Sa'an nan ta fito da gwangwanin daga mayafi. Ya ɗiba da tsinke, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya dama a ɗigon ruwan, ya juya wani ɗan ƙarfe a gefen madubin yana leƙawa. Bai daɗe ba ya ɗago ya ce, "Mma, zo ka gani."

Kaka ta leƙa. Ta ɗago, ta dubi gilashin da idonta biyu, babu komai sai ɗan dusu-dusu. Ta sake leƙawa.

"Waɗannan masu ɓawo kamar gyaɗa fa?"

"Kwai ne. Na macijin ciki."

"Ƙwai," in ji Kaka, ba ta ɗago ba. "Ga wasu can farare, ba su da ɓawo."

Likita ya leƙa, ya dubi mataimakinsa, ya ce tsohuwa ta riga shi gani. Ya ce waɗannan su ne masu shan jini, ta tafin ƙafa suke shiga idan yaro na yawo ba takalmi inda ƙasa ke da danshi da ƙazanta. Na farkon kuwa ta baki suke shiga, da hannu marar wanki ko abin da aka tsinta a ƙasa. Kaka ta tambaya ko makaranta ce ke sa su. Ya ce suna makaranta, suna gida, suna kasuwa, duk inda yara ke tsugunawa a fili. Ta sa ya maimaita wannan, ta ce mini in riƙe shi da kyau don ubana.

Ya auna magani a cokali, wani ruwa mai kauri. Kaka ta karɓi cokalin ta ɗanɗana da harshe tukuna, sa'an nan ta ba ƙanwata da hannunta. Ya ba da wani a ƙaramar kwalba na bayan kwana biyu, da ƙwayoyin ƙarin jini a takarda, ya yi mini bayani sau biyu kan yadda za a sha, Kaka ta maimaita masa ba kuskure. Ta tsaya har ya wanke gilashin a bokitin ruwan magani ya jefa tsinken a wuta. Da za mu tafi ta gamu da malamin aji ɗaya. Ya gaishe ta yana ɓoye dariya. Ta ce masa, "Malam, in za ka sake aiko da saƙo irin wannan, ka ce bayan gida. Ka huta, mu huta." Gwangwanin kuwa a bayan gidanmu ta binne shi, ita kaɗai.

Washegari da hantsi maganin ya yi aiki. Ƙanwata ta ƙwala ihu daga bayan ɗaki, Kaka ta je, sa'an nan ta aike ni kasuwa in kira Baba, ta ce in ce masa ya bar ko me yake yi. Ya zo da jini a hannu. Ta nuna masa tsutsotsin da suka fito. Dogaye ne, farare, wasu na motsi. Baba mutum ne da ya buɗe cikin dabbobi tun yana yaro, ya ga irinsu a hanji ba iyaka. Ya dube su, ya dubi cikin 'yarsa, ya nemi turmi ya zauna a kai. Can ya ce, "Duk abincin da nake kawowa." Na gaya masa abin da Likita ya ce game da gida da kasuwa da makaranta. Da yamma ya dawo da igiya ya auna ƙafar ƙanwata da tawa, ya kai wa baduku.

Ranar Litinin da safe ƙanwata ta zauna a bakin ƙofa da sabon takalmi a ƙafa, allonta a ɓoye a bayanta, ba ta san ko an ɗage dokar ba. Baba ya fito zai tafi kasuwa, ya wuce ta, ya kai bakin zaure, ya juyo.

"Ku ba ku makara ba?"

Kafin hutu ta daina barci a aji. Bayan wata bakwai tsutsar ta dawo, domin babu abin da ya canja a lungunan zango, Kaka ta kai ta asibiti da ƙafa aka sake ba ta magani. Ta gama firamare, ita ce mace ta farko a gidanmu da ta gama.